Ɗaukar fim ɗin waƙa da rawa a tsohon dandali a Yamai

Fara da takardar izini daga CNCN, cibiyar kula da harkar fim ta ƙasar Nijar, da masu kula da dandalin, misali Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda, mai filin kallo a sarari.

Kada ka ɗauki sautin waƙa a wurin. Benen siminti yana mayar da amo, murya ta dagule. Ka gama ta a situdiyo kan ma'aunin ɗaukar sauti na 48 kHz, sannan a sake ta da lasifika 'yan wasa su bi da baki. Sa ƙyasti huɗu kafin kiɗa ya shiga, domin masu rawa su ɗaga ƙafa tare.

Wutar Nijar 220 V ce, 50 Hz. Saita kyamara hoto 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗe) 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba fitilu za su riƙa ƙifta ido a hoton. Tsofaffin wayoyin lantarki ba sa ɗaukar manyan fitilu. Kawo gurup (injin ba da wuta) naka, ka aje shi nesa.

Don Allah kada a buga ƙusa a bango, buhun yashi ya isa riƙe ƙafar fitila. A yayyafa ruwa kaɗan a daɓe saboda ƙura, ya yi yawa kuma sai santsi.