Yadda kwanturolan enkoda mai faiba ke aiki, da yadda za ka haɗa shi

Enkoda na'ura ce mai auna juyin mota, wato injin lantarki mai juyawa. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, ɓangaren enkodan da ke manne da shaf (sandar da ke juyawa) ɗin mota babu lantarki ko kaɗan a cikinsa. Faifai ne kawai mai ƴan ramuka a jere yana juyawa. Duk aikin yana wajen kwanturola, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa shi: shi ke tura haske ta wayar faiba (waya mai ɗaukar haske maimakon lantarki), faifan na juyi yana datse hasken yana sakewa, sai ya dawo ta ɗaya wayar, kwanturola ya maida shi sigina biyu na lantarki, A da B, ɗaya na ɗan riga ɗaya, da haka PLC (kwamfutar da ke sarrafa injina) ke gane gudu da kuma ko gaba ake yi ko baya. Rashin lantarki a jikin enkodan ne ya sa ake sa shi a ɗakin MRI (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti) da wuraren da ƴar tartsatsi ɗaya za ta tada gobara.

To wajen haɗawa, ka fara kashe wuta. Ka goge bakin faibar da abin gogewa na musamman, don Allah ba gefen riga ba, ƙura ƴar kaɗan ta isa ta cinye hasken. Kar ka lanƙwasa wayar kamar igiyar guga, gilashi ce ciki. Kuma kar ka leƙa bakinta, hasken ba ya ganuwa amma zai iya lalata ido.

Bayan ka haɗa wayoyin, sai ka ba kwanturolan wuta, galibi volt 24 ne, amma duba littafinsa. Juya shaf da hannu a hankali ka ga ko lissafin juyin na hawa a PLC. In baya yake yi, musanya A da B a wajen PLC.