Yadda Ake Fita Hawan Igiyar Ruwa da Sassafe a Tarkwa Bay

Da yawa daga cikinmu mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende mun shekara da shekaru a Legas, amma tsakaninmu da teku sai kallo daga kan gada. Alhali ga Tarkwa Bay nan, tafiyar minti 15 zuwa 20 a jirgin ruwa daga CMS, inda samarin wurin suke hawa igiyar ruwa a kan allo tun suna ƙanana. Wasan ba ƙaramin abu ba ne, tun 2021 ya shiga gasar Olamfik a Tokyo. Mai son gwadawa ya riƙe abu ɗaya tun daga gida: a hannun mutanen wurin ake koyonsa.

Kafin komai, ka iya ninƙaya. Ba wai ka iya cilla ƙafa a kududdufi ko a gefen dam ba, ka iya zama a ruwan da ya fi ƙarfin tsayinka na tsawon mintuna ba tare da ka firgita ba. In ba ka kai nan ba, ka faɗa wa mai koya maka gaskiya tun a tudu, kada kunya ta sa ka ɓoye.

Shiri daga dare ake yinsa: wando mai igiya da zai ɗauru tam ya sauka ƙasan gwiwa, riga mai kama jiki don kada allo ya goge maka ƙirji, tawul, ruwan sha, da tsabar kuɗi a leda don kuɗin jirgi, kuɗin shiga da hayar allo. Mata sukan sa riga mai dogon hannu da dogon wando da hular ninƙaya, ba abin da zai hana su. Ruwan Legas da ɗumi duk shekara, ba a bukatar rigar sanyi mai kauri irin ta Turai. Ka yi sallar asuba, ka ɗan taɓa abu mara nauyi kamar ayaba ko dabino, ka kama hanya. Babu titin mota zuwa Tarkwa, sai jirgi, kuma jirage sai gari ya waye suke tashi, don haka gara ka yi magana da mai jirgi tun jiya. Ka sa rigar ceto ka ɗaure ta, doka ce ta LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas.

Me ya sa sai da safe? Da dare ƙasa kan huce fiye da teku, sai iska ta riƙa busowa daga tudu zuwa ruwa, ko ta kwanta gaba ɗaya. Wannan ne ke gyara fuskar igiyar ruwa ta yi sumul, ta miƙe tsaye kafin ta karye. Rana na yin zafi iska za ta juyo daga teku ta dagula komai. A damina, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ake samun manyan igiyoyi masu tasowa daga kudancin Tekun Atilantika. Lokacin hunturu sun fi ƙanƙanta da tsabta, kuma ni a ganina ɗan koyo ya fara a lokacin.

Da ka sauka, kada ka doshi ruwa. Ka nemi inda masu alluna suke, ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ko da ɗan Yarabancin da ka tsinta a kasuwa ne, ka ce kai baƙo ne ka zo koyo. Da ɗan gari akan ci gari. Yaron da ba ka ɗauka ya kai shekara goma sha biyar ba ya san inda dutse yake a ƙarƙashin ruwa, ya san lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa. Waɗannan mutane sun ga wuya. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai a yankin, dubban mutane suka wayi gari ba matsuguni. Duk da haka wasan bai mutu a wurin ba. Don haka in an faɗa maka kuɗin haya da na koyarwa, kada ka ja ciniki kamar kana sayen tumatir a Mile 12. Sana'arsu ce, kuma ranka ne a hannunsu.

Ka tsaya tare da su ku kalli ruwa na minti goma. Za ka ga katangun duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka fara ginawa wajen 1908 don kada yashi ya toshe hanyar jiragen da ke shiga tashar Legas. Su suka kare wannan lungu daga haukan teku, su kuma suka ba shi irin igiyarsa: ruwa ya daki dutse, ya dawo a karkace, ya haɗu da mai biyo baya, sai su tashi tare su yi tsini. Inda suke yin tsinin nan na ƙwararru ne. Haka ma Lighthouse Beach da ke bayan katangar, inda teku yake a buɗe. Naka shi ne farin kumfa na kusa da gaɓa, inda ruwa ya kai maka ƙugu.

Ka karɓi dogon allon soso, mai ƙafa 8 ko 9, komai yadda gajerun suka ba ka sha'awa. A goga masa kaki don kada ƙafa ta zame. Za su tura ka ta baya ba zato, ƙafar da ka fara jefawa ita ce ta gaba, sai a ɗaura igiyar allo a idon sawun ta baya. Sannan a gwada tashi a kan yashi: ka kwanta rub da ciki a tsakiyar allo, tafin hannu biyu a shimfiɗe daidai ƙirji, kada ka riƙe gefe, ka ɗaga ƙirji, ka jawo ƙafafu ƙarƙashinka a tashi ɗaya, ka tsaya a kaikaice, gwiwa a lanƙwashe, ido a gaba. Mai kallon ƙafarsa faɗuwa zai yi. Ka maimaita har jiki ya haddace.

Wajen shiga, allo ya kasance a gefenka, hancinsa na fuskantar teku. In ka sa shi a gabanka a gicciye, igiya ɗaya za ta maka shi a fuska. Ka juya shi zuwa gaɓa, ka hau ka kwanta yadda hancin zai ɗan ɗago kaɗan bisa ruwa. Mai koya maka zai riƙe wutsiyar allo yana waiwaye, sai ka ji ya ce tuƙa. Ka tuƙa da hannu ɗaya bayan ɗaya, ka nutsa su sosai. Za ka ji bayan allon ya ɗaga, ya fara gudu da kansa, kumfa na huci a kunnenka. Ka ƙara tuƙi biyu ko uku, sannan ka tashi. Ranar da ka tsaya, ko na daƙiƙa uku ne, za ka ji ihu da fito daga mutanen da ko sunanka ba su gama riƙewa ba, wani yana dukan ruwa da tafin hannu don murna. Ban san wani wuri a Legas da baƙi ke taya juna farin ciki da zuciya ɗaya haka ba.

Faɗuwa ma da yadda ake yinta. Ka faɗa a shimfiɗe ta baya ko ta gefe, kada ka taɓa yin tsalle da ka domin ruwan ba zurfi, kuma ka rufe kai da hannuwa kafin ka ɗago. In ka ji ruwa yana janka zuwa ciki, kada ka yi kokawa da shi, kada ka saki allo. Ka tuƙa a gicciye, daidai da gaɓa, har ka fita daga inda yake ja, ka ɗaga hannu ɗaya sama a gan ka.

Akwai ladabin layi. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa shi ke da ita, ba a shiga gabansa. Mai komawa ciki ya kewaye, ya bar wa mai tahowa hanya. In ka yi wa wani kutse, ka ɗaga hannu ka ba shi haƙuri nan take. Mai jiran layinsa, ba da daɗewa ba, zai ji ana kiransa ana bar masa igiya.

Awa ɗaya da rabi ta isa a ranar farko. Ka fito tun da sauran ƙarfi, ka wanke yashin allo, ka naɗe igiyarsa, ka mayar da shi da hannunka. In suna tsintar robobin da ruwa ya kwaso daga cikin gari, ka sa hannu. In ka sayi burodi da shayi, ka sayi na mutum biyu ko uku ku zauna a inuwa, a nan za a gaya maka abin da ƙafarka ta baya take yi ba daidai ba. Kafin ka hau jirgi ka karɓi lambar wanda ya koya maka, domin daren da za ka sake zuwa ka kira shi ka ji yadda ruwa yake da ƙarfe nawa zai cika.