Kafin ka bi abokai yawon daji a Amurka

Da wuya ka yi wata shida a gabashin Amurka ba tare da wani abokin aiki ko ɗan ajinku ya gayyace ka hawan dutse ranar Asabar ba. Mutanen nan suna son tafiyar ƙasa a daji, kuma gayyatar alama ce ta sun fara sakin jiki da kai, don haka ban ce ka ƙi ba. Sai dai akwai abin da ya kamata ka ji tukuna.

Hanyar da za ka fi jin sunanta ita ce Appalachian. Ta taso daga dutsen Springer a jihar Jojiya, ta ratsa jihohi 14, ta ƙare a dutsen Katahdin a jihar Maine, tafiyar kusan kilomita 3,500. Siririyar hanya ce ta ƙafa, kuma abin da ke nuna maka kana kanta shi ne ɗan farin fenti da ake shafawa a jikin itatuwa da duwatsu. Idan shuɗi ka gani, reshe ne mai zuwa wurin ruwa ko rumfar kwana.

A watan Yulin 2013 wata mata mai shekara 66 tana bin wannan hanya ita kaɗai a yammacin Maine. Ba baƙuwar tafiya ba ce, ta riga ta yi watanni a kan hanyar. Ta ɗan ratse cikin daji don ta kewaya, da ta juyo sai ta rasa inda hanyar take. Ta tura wa mijinta saƙon waya, bai tafi ba. Ta hau tudu neman sabis, nan ma shiru, hawan ma ya ƙara nisanta ta. Aka baza masu nema da karnuka da jirage, ba a gan ta ba. Ta kafa tanti ta zauna, tana rubutu a littafinta har cikin watan Agusta, kafin yunwa da sanyi su ci ƙarfinta. Sai a Oktoban 2015 aka tsinci gawarta, 'yan kilomitoci kaɗan daga hanyar.

Abin da ya sa na kawo maka wannan labari, ɗan'uwa, shi ne mu mun fi kowa yawan dalilin ratsewa. Muna da kunya, ba ma tsuguno kusa da inda mutane ke wucewa. Ga tsarki, ga alwala, ga neman fili mai tsabta idan azahar ta yi. Dajin jihohin Maine da New Hampshire kuwa a cunkushe yake, taku talatin ya isa itatuwa su rufe bayanka, ko'ina ka duba iri ɗaya. To in za ka ratse, gaya wa abokin tafiya ya tsaya a kan hanya ya jira ka, ko da kana jin nauyin faɗa. Ka riƙa waiwaye kana shiga, ka tsaya inda kana iya jin muryarsa. Sallah kuma ka yi ta a gefen hanya ko a rumfar kwana. Masu wucewa za su kewaye ka su yi gaba abinsu.

Waya ba abin dogaro ba ce a can. Sauke taswira tun kana gida yadda za ta buɗe ba intanet, ka kuma riƙe ta takarda da kamfas mai nuna arewa, ka koyi aiki da su, domin sanyi yana zuƙe batir da sauri. Wasu sababbin wayoyi, kamar iPhone 14 zuwa sama, suna iya aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam. Akwai kuma ƙananan na'urorin kiran agaji da ake rataya wa jaka. Usur ma yana da amfani: busa uku a jere alama ce ta neman taimako.

Kafin ka fita, rubuta wa wani sunan hanyar, inda za ka ajiye mota, da lokacin da in bai ji daga gare ka ba zai kira 911, lambar gaggawa ta Amurka. Ba "na tafi yawo" kawai ba. Masu ceto daga wannan bayani suke fara nema, kuma in ka gane ka ɓata, ka tsaya wuri guda, ka shimfiɗa wani abu mai launi a fili inda za a hango daga sama.

Sanyi shi ne abin da sabon zuwa ya fi rainawa. Ana iya barin mota cikin zufa a tarar da iska da ruwa a ƙwanƙolin dutse, ko a tsakiyar bazararsu. Rigar auduga in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri, sai ta riƙa janye ɗumin jiki, saboda haka nemi ta ulu ko ta roba, da rigar ruwa da tocila. Hasashen yanayinsu da ma'aunin Fahrenheit ne, in ka ga 32 to ruwa na daskarewa. Nisa kuma da mil suke faɗa, mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi. Ni dai ba na ba kowa shawarar doguwar tafiya da azumi a baki.

Kada tsoron kuɗi ya hana ka kiran agaji da wuri. A yawancin wurare ba a cajin aikin nema, kodayake motar asibiti da magani da lissafinsu suke zuwa. New Hampshire na cikin jihohin da suka fita daban, tana iya aiko wa wanda ya yi sakaci takardar biyan kuɗin ceto. Shi ya sa hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar take sayar da katin Hike Safe na shekara, wanda ke ɗauke wa mai shi wannan biyan kuɗi na sakaci. In can za ku, saye shi ta intanet tun kafin ranar.