Yadda tsohon mawaƙi zai sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsa ba tare da ya ɓata su ba

Mawaƙin da ya yi tashe a zamanin kaset, idan ya shiga sitidiyo a Sabon Gari ko Tudun Wada ko Samaru ya ji tsabtar sautin na'urorin yanzu, da wuya zuciyarsa ba ta raya masa ya sake rera waƙoƙin da suka fito da shi ba. Mawaƙan rok na Amurka da Ingila sun daɗe da shiga wannan hanya, wasu sun ci riba, wasu kuma sun ɓata wa masoyansu rai, kuma abin da ya same su ya isa ya haska wa namu mawaƙan da masu sitidiyo yadda za su bi da aikin.

Kafin a kunna na'ura, mawaƙi ya fara tantance dalilinsa, domin dalilan iri biyu ne kuma kowanne da salon aikinsa. Na farko shi ne neman mallaka. A 2012 ƙungiyar Def Leppard ta Ingila ta samu saɓani da kamfanin waƙoƙi na Universal a kan kuɗin sayar da waƙoƙinta ta intanet, sai ta koma sitidiyo ta sake ɗaukar fitattun waƙoƙinta, tana kwaikwayon na asali gwargwadon iko, don abin da za a saya ya zama nata. John Fogerty, mawaƙin Amurka, shi ma ya yi haka a 2025, yana da shekara 80, da waƙoƙin da ya rubuta a ƙungiyarsa ta Creedence Clearwater Revival. Dalili na biyu shi ne mawaƙi ya ga akwai abin da waƙar ke iya faɗa yau wanda ba ta faɗa ba lokacin ƙuruciyarsa, kamar yadda ƙungiyar U2 ta ƙasar Ayalan ta sake waƙoƙi 40 a 2023, ta sassauta kiɗan, ta rage kayan sauti, har ta sauya wasu kalmomi. Wanda mallaka yake nema ya kwaikwayi tsohuwar ɗauka da iyakar ƙoƙarinsa. Wanda sabuwar ma'ana yake nema ya sauya da gaske har mai sauraro ya gane tun daga farkon kiɗa. A ganina mafi munin aiki shi ne na tsaka-tsaki, wanda bai kai na asali armashi ba kuma bai zo da wani sabon abu ba.

Daga nan sai batun haƙƙi, kuma a nan ne ya kamata a fi jinkiri. Kowace waƙa da aka ɗauka tana ɗauke da haƙƙi biyu: na baitoci da karin waƙar, wanda yake na mai tsara su, da na sautin da aka ɗauka, wanda yawanci yake hannun wanda ya ɗauki nauyin aikin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare na farko har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na biyu kuma shekara 50 bayan fitar da shi. Sake ɗauka tana samar wa mawaƙi sabon sauti nasa na kansa, amma ba ta mayar masa da baitocin da ya riga ya sayar ko waɗanda wani ya rubuta masa. Kamfanonin Turai da Amurka sukan sa sharaɗi a yarjejeniya cewa mawaƙi ba zai sake ɗaukar waƙar ba sai bayan wasu shekaru, saboda haka duk wanda ya taɓa sa hannu a takarda ya nemo ta ya kai wa lauya. A nan gida kuwa, cinikin da yawa da baki aka ƙulla shi tsakanin mawaƙi da ɗan kasuwar kaset, sai mawaƙi ya je da kansa wurin Alhajin da ya saya, ko wurin magadansa idan ya rasu, a zauna gaban shaidu a fayyace abin da aka sayar, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Murya ita ce abu na gaba. Shekaru suna rage wa murya tsayi da dogon numfashi, amma sukan ƙara mata nauyi da natsuwa. Mai sitidiyo ya gwada wa mawaƙin amshi da baiti ɗaya a matakin sautin asali, sannan ya sauko da kiɗan mataki ɗaya ko biyu, a saurara tare a zaɓi inda muryar ta zauna ba tare da tilastawa ba. Na'urar gyaran murya tana da amfani wajen ɗan abin da ya kauce, amma idan aka matsa ta don a mayar da dattijo saurayi, kunne yana ganewa nan take. Akwai kuma abin da mawaƙin rok bai cika damuwa da shi ba amma ya zama dole a gare mu: Hausa harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula da gajeru, don haka duk wanda ya sauya karin waƙa ko ya ja ta a hankali, ya bi baitocin ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar kalmomin ba su karye ba.

Tsofaffin makaɗa da 'yan amshi, idan suna raye kuma suna iyawa, su ne farkon waɗanda za a gayyata, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma hannun da ya buga kalangun farko ya san inda waƙar take numfasawa fiye da duk wani kiɗan fiyano da aka tsara a kwamfuta. Idan ba su samu zuwa ba, a ambaci sunayensu. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a taɓa tsohuwar ɗaukar da kanta. A 2002 an sake fitar da faifai biyu na farko da Ozzy Osbourne, mawaƙin rok na Ingila, ya yi da sunansa, bayan an goge gangunan Lee Kerslake da jitar Bob Daisley an sa na wasu, alhali ana cikin rigimar kuɗi da mutanen biyu. Masoya sun ƙi abin, kuma a 2011 aka dawo da na asali.

Waƙoƙinmu suna da wata matsala tasu, wato sunayen mutanen da aka yaba. Makaɗa irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sukan ƙara ko su rage a kowane wasa, kuma mai sauraron Hausa ya saba da haka, amma cire sunan wanda ya yi maka alheri shekaru talatin da suka wuce don a sa na mai kuɗin yau abu ne da iyalansa za su ji, jama'ar gari ma za su lura. Ya fi kyau a bar sunan a inda yake, idan mai shi ya rasu a bi shi da addu'a, sabbin sunaye kuma a ƙara musu nasu baitin.

Wajen tsara kundin, ba lallai ne a sake kowace waƙa ba. A zaɓi waɗanda gwajin murya ya nuna sun karɓu. Ƙungiyar Journey a 2008 ta ware tsofaffin waƙoƙin da sabon mawaƙinta Arnel Pineda ya rera a faifai daban da na sababbin, kuma wannan rabuwa tana taimaka wa mai saye ya san abin da ke hannunsa.

Idan an zo ɗorawa a YouTube ko Audiomack ko Boomplay, a rubuta a jikin sunan kowace waƙa cewa sabuwar ɗauka ce, tare da shekararta, kuma a bar tsohuwar a inda take don mai nemanta ya same ta. Mawaƙi ya karɓi dukkan sassan aikin daga sitidiyo, murya daban, amshi daban, kowane kiɗa daban, ya adana su a wurare biyu da ba gida ɗaya ba. Gobarar da ta tashi a rumbun Universal a Los Angeles a 2008 ta cinye ɗimbin faifan asali na manyan mawaƙa. A haɗa da takardar da ke nuna wanda ya biya kuɗin sitidiyo da kason kowane makaɗi da ɗan amshi, a ba kowannensu kwafinsa kafin waƙar ta fita.