Kurakuran da Sababbin Zuwa Ke Yi Wajen Bibiyar Mahaukaciyar Guguwa a Florida

Duk shekara, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, lokacin da guguwar Tekun Atlantika ke tasowa, nakan yi ta maimaita magana ɗaya ga 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kawo jihar Florida, kuma na gaji da ganin kowane sabon zuwa yana faɗawa ramin da ni ma na taɓa faɗawa.

Kuskure mafi muni shi ne rashin fahimtar taswirar nan mai siffar mazurari, wadda cibiyar kula da guguwa ta Amurka da ke Miami ke fitarwa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa mazurarin nan girman guguwar ne, ko iyakar inda ɓarna za ta tsaya, alhali abin da yake nunawa kawai shi ne inda ake zaton tsakiyarta za ta bi. Ana auna faɗinsa ne da kurakuran hasashe na shekaru biyar da suka wuce, ta yadda tsakiyar guguwa za ta kasance a cikinsa kusan sau biyu cikin uku. Sau ɗaya cikin uku ke nan takan fita waje, ban da iska da ruwan sama waɗanda kan zarce gefen mazurarin da nisa mai yawa.

A watan Satumba na 2022 ina zaune a Fort Myers, a hawan ƙasa na wani gida kusa da kogin Caloosahatchee. Kwanaki ana nuna guguwar Ian ta doshi Tampa, wadda ke arewa da mu da fiye da kilomita 150, sai na zuba wa tsakiyar taswirar ido, na manta cewa garinmu na cikin mazurarin, a gefensa. Da umarnin barin unguwarmu ya zo, na yi jinkiri, ina ganin abin zai wuce ta arewa. Ranar 28 ga watan ta sauka a tsibirin Cayo Costa da ƙarfin mataki na huɗu cikin matakai biyar na ƙarfin guguwa, teku ta tunkuɗo ruwa cikin kogin, ruwa ya cinye motata da takardun karatuna da duk abin da na tara, na kwana a hawan sama wajen maƙwabta. Mutane sama da 100 sun rasu a jihar, da yawansu nutsewa suka yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, guguwar Charley ta yi irin wannan karkatar a 2004: ana jiran ta a Tampa, ta sauka a wannan tsibirin. Saboda haka ku daina turo mini hoton taswira kuna cewa layin da ke nuna hanyar tsakiyar guguwar bai bi ta kanku ba! Ni yanzu nakan rufe tsakiyar da yatsa in duba gefuna biyun, kuma muddin garinmu na ciki ko yana dab da gefe, nakan shirya kamar kanmu za ta sauka.

Na biyu shi ne raina guguwa saboda matakinta. Ma'aunin Saffir-Simpson, daga ɗaya zuwa biyar, ƙarfin iska kaɗai yake aunawa, ba ya faɗin komai game da ruwa, kuma ruwa ne ya fi kashe mutane. Katrina tana mataki na uku ta sauka a 2005, amma ta tunkuɗo teku sama da mita takwas a gaɓar Mississippi. Harvey ta tsaya cik a kan Texas a 2017, ta zubar da ruwan da ya haura milimita 1,500 a wasu wurare. Helene kuwa, a 2024, ta sauka a arewacin Florida amma ta yi mummunar ambaliya a Asheville, can cikin duwatsun North Carolina. Wanda ya ce mini ai ta sauko mataki na biyu, tambayar da nake masa ita ce: ka san harafin yankin ƙaura da gidanka yake ciki, wato harafin da aka sa wa unguwarku don kwashe mutane in ambaliya ta taso? Mafi yawansu ba su sani ba, kuma wannan sakaci ne, domin da waɗannan haruffan hukumomin gundumomi ke ba da umarnin fita.

Dogara da taswirar jiya ma kuskure ne, tunda ana sabunta ta duk bayan awa shida, kuma Otis ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa mataki na biyar cikin kusan kwana ɗaya kafin ta afka wa birnin Acapulco na ƙasar Mexico a 2023. Haka nan layukan nan na hasashen hanyar guguwa masu kama da taliya da ake yaɗawa a Facebook, kowa ya zaɓi wanda ya kauce wa gidansa; ni na daina kallonsu. Liƙa salatif a gilashin taga ɓata lokaci ne, katako ko murfin ƙarfe ake sawa. In iska ta lafa farat ɗaya, kada a fita, wataƙila idon guguwar ne, wato tsakiyarta da babu iska mai ƙarfi, ke wucewa, za ta dawo ta ɗaya ɓangaren.

Janareta kuwa ba a kunna shi a ɗaki ko a gareji, ko da an bar ƙofa a buɗe, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma ta kashe mutane a Louisiana da Texas bayan guguwar Laura ta 2020 ta riga ta wuce. Nawa nakan ajiye shi a fili, taku ashirin daga taga. Da zarar an yi sanarwar farko, wadda kan zo awa 48 kafin iska ta fara ƙarfi, nakan cika tankin mota, in cire kuɗi a hannu, in sa fasfo da sauran takardu a leda biyu in ɗora su a kan kujerar gaba.