Yadda Ake Zanen Daji da Tafki a Tafiyar Kwale-kwale

Masu zanen yanayin ƙasa a Kanada har yau suna bin sawun Tom Thomson, wanda ya fara shiga gandun dajin Algonquin na lardin Ontario a 1912, ya riƙa ratsa tafkunansa a kwale-kwale yana zane, har ya rasu a tafkin Canoe Lake a watan Yulin 1917. Tsarinsa bai tsufa ba: ƙaramin zane a daji, babba kuma sai an koma gida.

Ka fara da rage kaya, domin sau da yawa tsakanin wani tafki da wani babu hanya sai ta ƙafa, kuma a nan kai ne za ka ɗora kwale-kwalen a kafaɗa, ga tanti ga guzuri. Allunan katako na kimanin santimita 21 da 27, irin waɗanda Thomson ya yi amfani da su, sun wadatar, tare da burushi uku ko huɗu da launuka kaɗan. Abin da bai kamata a yi sakaci da shi ba shi ne akwati mai ramuka a gefensa na ciki, inda kowane allo zai zauna ba tare da ya taɓa ɗan'uwansa ba, saboda fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, kuma allo biyu masu danshi idan suka manne, aikin yini biyu ya tashi a banza. Wasu sun fi son fentin ruwa don sauƙin ɗauka, amma a ganina feshin filafili kaɗai ya isa ya ɓata takarda.

Zaɓen lokaci ma aiki ne. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo ba sa barin hannu ya natsu. Ƙarshen Satumba kuwa ganyen itatuwan maple ya koma ja da ruwan ɗorawa, sai dai akwai sanyi. Kwana a cikin gandun yana buƙatar takardar izini.

Idan ka sami wurin da ya kama maka ido, ka ja kwale-kwalen gaɓa, ka zauna a kan dutse, domin ruwa ba ya barin jirgi ya tsaya wuri ɗaya. Ka fara shimfiɗa manyan sassa: sama, layin itatuwan tsallake, ruwa, sannan abin da ke gabanka. Kada ka tsaya ƙirga ganye. Haske yana sauyawa da sauri, musamman da hantsi da kuma dab da faɗuwar rana, don haka ka yanke shawarar inda inuwa take tun farko, ka tsaya a kanta ko da gajimare ya gitta. Ka lura cewa hoton itace a cikin ruwa bai cika kai na ainihi kaifi ba, kuma iska kaɗan takan yayyanka shi gida-gida, abin da ake nunawa da gajerun jan burushi a kwance. A bayan allon ka rubuta rana da sa'a da yanayin iska.

Ruwan wanke burushi kada ya shiga tafki. A zuba shi a mazubi mai murfi, a fito da shi tare da tsummokaran da aka goge fenti.

A gida ne za ka jera allunan ka zaɓi wanda ya cancanci girma. Haka Thomson ya yi a ɗakinsa na Toronto lokacin hunturu, inda ƙaramin zanen da ya yi a 1916 ya zama babban zane mai suna The Jack Pine, wanda yanzu yake gidan adana zane na ƙasa a Ottawa. Hoton waya zai tuna maka siffar dutse ko reshe, amma wajen haɗa launi, allon da ka zana a bakin ruwa za ka ajiye kusa da hannunka.