Yadda za ka haɗa wa yaran unguwa ajin zane da rini a dogon hutu

Toh jama'a, duk dogon hutu sai ka ga yara suna ta gararamba a layi, kana cewa a buɗe musu wajen koyon aikin hannu sai a hau maganar gini da kujeru da jiran gwamnati. Wallahi zaure ɗaya da tabarmi uku sun isa.

Fara da zuwa gaida mai unguwa da liman ka faɗa musu nufinka, in ka tsallake su gobe za ka ji ana yaɗa wai kiɗa da rawa kake koya wa ƴaƴan mutane, shikenan kowa ya janye nasa. Ajin mata kuma a samo mace ta riƙe.

Malami yana nan kusa da kai. Alaramman tsangayar da ya iya zayyana, shi za ka roƙa ya nuna musu feƙe alƙalami da kara da haɗa tawada da gawayi da ƙaro, a fara a kan allo tunda ana wankewa a sake, takarda sai hannu ya faɗa, in ba haka ba asarar kuɗi kawai za ka yi.

Rini kam kar ka tsaya dogon bayani, in a Kano kuke ɗebe su a adaidaita sai karofin Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 yake aiki, su ga baba da toka da kanwa a rami, su ga yadda ake tsamo ƙyalle kore-kore yana shan iska yana komawa shuɗi, nan za ka ga sun yi tsit. In da sauran lokaci ku biya Gidan Makama, gidan adana kayan tarihin Kano. Kun dawo sai a ba kowa farin yadi rabin gaba da zare ya yi nasa ɗaurin. Amma fa kalar kasuwa da soda ake haɗa ta kuma tana cin hannu, babba ne kaɗai zai dama, da safar hannu, a tsakar gida ba cikin ɗaki ba.

Kuɗi kuwa karo-karo za a yi da iyaye, ko naira ɗari ce ka rubuta a littafi, don harkar kuɗin jama'a ba ta son a bar wa ka. Satin ƙarshe a ɗaura igiya a shanya aikin kowa da sunansa, a kira iyaye da mai unguwa su zo kallo, a yi zoɓo, kowane yaro ya tafi gida da ƙyallensa.